MALAMIN ASIBITI NA ƊAKI NE KO NA GARI?

Ga laccar da Akawun Jam'iyyarmu na Kankiya ya yi wa mutanen Tafashiya da na ƙauyukan kewaye bayan sallar La'asar. Mun buga ta yadda ya faɗe ta. — Edita.

Ranka ya daɗe Maigari. Allah ya gafarta Malam Liman. Masu unguwanni, iyayena maza, iyayena mata da ke saurare daga bayan danga, da 'yan'uwana samari, ina yi muku barka da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Na sani da aka ce akawun jam'iyya zai yi lacca, waɗansu sun ce, to, ga maganar ƙuri'a ta zo. A'a, yau ban zo da ita ba. Kuma ni ba likita ba ne, ban taɓa yi wa ko kaza allura ba. Aikina rubuta wasiƙu da riƙon littafin rajista. Abin da ya tsai da ni gabanku wani abu ne da ya faru a gidanmu, wanda na tabbata ya faru a gidajen da yawa daga cikinku.

Da daminar bara, ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara biyu, ya kwana da zazzaɓi. Tana aure a wani ƙauye, ba sai na faɗi sunansa ba. Akwai ɗakin shan magani a garin, an yi masa sabon fenti har da allo. Gari ya waye ta saɓa yaro ta tafi, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta zauna gindin bishiya har rana ta take, ba kowa. Sai ta biya wurin mai kemis, ya haɗa mata ƙwayoyi kala uku a leda. Kwana biyu ana haka, ran na uku da dare yaro ya fara sanƙarewa, idanu suka juye. A kan babur aka ɗauke shi cikin ruwan sama zuwa babban asibiti, aka ce jininsa ya ƙare, sai an ƙara masa. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi. Amma akuya ta tafi, buhun gero biyu sun tafi, uban yaron kuwa ya bar noma a tsakiyar maimai.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da ya ke alƙalami shi ne makamina, sai na zauna na rubuta takardar ƙara a kan malamin asibitin nan, shafi biyu cur. Kafin in kai ta, na ce bari in je in ga fuskar mutumin tukuna. Na same shi da hantsi, mata sun cika baranda. Na jira har ya sallame su, sa'an nan na ce, "Malam, ina ka shiga ran nan?" Ya ce ya tafi ɗauko alluran riga-kafi ne, don sai an je da kai a ke karɓowa, a cikin akwatin sanyi. Na ce, to, wa ka bari? Ya yi murmushi ya ce, "Wa zan bari?" Ashe shi kaɗai ne mai albashi a wurin. Shi ke duba marasa lafiya, shi ke awon ciki, shi ke allura, shi ke cika littattafai, in haihuwa ta zo da gardama shi za a taso. Akwai 'yan mata biyu da ke taya shi, sun gama makaranta da takardarsu, amma sa kai su ke yi, ba a ba su ko anini, ran da ba kuɗin babur ba su zuwa. Na tambaye shi yaushe rabon da ya zaga gidaje. Ya yi shiru, ya ce in ba lokacin riga-kafi ba, ya manta.

Jama'a, a nan na yage takardata. Na koma gida na nemi takardun gwamnati, don in ga mene ne ainihin aikin da aka ɗauki mutumin nan ya yi. Abin da na gani shi na kawo muku.

Mu duk wanda ya sa farar riga "likita" mu ke ce masa. To, yawancin waɗanda ke ɗakunan shan magani na karkara ba likitoci ba ne, ba kuma nas-nas ba ne. Ma'aikatan lafiyar al'umma ne, kuma hawa uku ne. Akwai ƙarami, wanda a takarda a ke rubuta shi JCHEW, karatunsa shekara 2. Akwai na bisansa, CHEW, shekara 3. Sa'an nan akwai CHO, shi ne babbansu, wanda kan ƙaro karatu a asibitin koyarwa. Suna da hukumar da ke yi musu rajista, wadda aka kafa da doka ta 61 ta shekarar 1992. Suna kuma da wani littafi na ƙa'ida da aka ce kada su yi aiki sai da shi, wanda ya zayyana musu ciwo kaza ga abin da za ka yi, in ka ga alama kaza kada ka taɓa, tura shi gaba. Ba sai mun je nesa neman inda a ke koyar da su ba: ga makarantar koyon aikin lafiya nan a Kankiya, ga wata a Daura. 'Ya'yanmu ne.

Amma ga inda maganar ta ke. Bisa ga tsarin da aka koyar da su, ƙaramin nan mafi yawan lokacinsa a cikin gari ya kamata ya yi shi, gida gida, ɗakin magani kuwa sai ɗan abin da ya rage. Na bisansa ma fiye da rabin lokacinsa na cikin gari ne. Watau tun asali ba a yi shi don ya zauna kan kujera yana jiran a kawo masa wanda ya riga ya galabaita ba. An yi shi ne don ya riga ciwo isa gidanka. Ina tambayarku, iyayena mata, a cikinku wace ce malamin asibiti ya taɓa yi wa sallama a ƙofar ɗaki, ba ranar ɗigon shan inna ba, ba kuma kiransa aka yi ba? Kun ji shiru. To, shirun nan shi ne laccata.

ABIN DA AKA GWADA A ƘASARMU

Kada ku ɗauka wannan sabuwar magana ce daga Abuja. Ƙasar Kankiya ta daɗe cikin sha'anin nan fiye da yawancin wurare a Arewa. Tun zamanin Turawa, cikin shekarun 1950, aka kafa cibiyar lafiyar karkara a Kankiya, irin wadda aka yi a Argungu. Dattawan da ke zaune nan sun tuna zamanin En'e, da malamin disfensare, da duba-gari wanda in ya shigo gida kowa sai ya ruga ya rufe randa. Ana tsoronsa, gaskiya ne, har da cin zali a wani wuri. Amma dai yana shigowa.

Sa'an nan a ƙarshen shekarun 1960 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓi gundumar Kankiya don wani babban gwaji, wai a gani ko za a iya kashe zazzaɓin cizon sauro ɗungum. Aka bi mutane da ƙwayoyi, mai lafiya da marar lafiya, har zagaye 11. Aka fesa maganin DDT a ɗakuna har zagaye 8. Da aka auna jinin mutane, waɗanda ke ɗauke da ƙwayar cutar sun ragu daga 19 cikin 100 zuwa 1 cikin 100. Ai kuwa abin mamaki ne. Duk da haka masu gwajin da kansu ba su lissafa shi cikin nasara ba, don cutar ba ta daina yaɗuwa ba. Daga nan aka koma Garki, wadda yanzu ta ke Jihar Jigawa, aka yi wani gwajin da ya fi wannan girma, daga 1969 zuwa 1976. Can ma zazzaɓi ya faɗi ƙasa warwas, amma da aka daina, sai ya komo yadda ya ke. Masana sun ce sauron ƙasarmu ya yi yawa, kuma waɗansunsa ba su kwana a bangon ɗaki balle feshi ya same su. Wannan bayaninsu ne, ban musa ba. Ni dai abin da na karanta a ciki a matsayina na akawu shi ne, aikin da ya zo cikin mota, cikin mota ya kan koma.

Yanzu ku kwatanta da kurkunu. Samarin nan ba su san shi ba, sai dai su ga tabo a ƙafar kakanninsu. Ciwo ne da kan kwantar da magidanci daidai lokacin noma. Da aka yi ƙidaya a 1988 zuwa 1989, an sami mutum fiye da 650,000 da shi a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da me aka kashe shi? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi, da maganin da a ke zubawa a tafki, da kuma mutum ɗaya a kowane ƙauye, ɗan garin, wanda aka koya wa aikin, aka ba shi littafi. Shi ke hana mai kurkunu tsoma ƙafa a tafki, shi ke ɗaure masa miki, shi ke kai rahoto kowane wata. Janar Yakubu Gowon ya yi ta yawon ƙauyuka a kan wannan. Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a Nijeriya a 2008 ne, a 2013 kuma aka ba ƙasar takardar shaida. Ciwon da ba shi da magani ya ƙare, domin wanda aka ba aikin a garin ya ke kwana.

Shan inna ma haka ne, sai dai da ita mun sha wuya, don mu da kanmu muka yi gardama. Kun tuna 2003, sa'ad da aka tsai da riga-kafin a Kano da waɗansu jihohi, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Matan unguwa ne suka gyara ɓarnar nan, suna shiga ɗaki ɗaki inda namiji ba ya shiga, ana zaginsu, ana sakar musu kare. A watan Fabrairu na 2013 an harbe tara daga cikin masu aikin a Kano. Allah ya jiƙansu. Ran 25 ga Agusta 2020 aka yi shelar cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji. Manya sun karɓi lambobin yabo. Matan kuwa 'yan kuɗin kwana uku ko huɗu a ke ba su, in an gama a ce sai wani jiƙon.

To, mai zaga gida me zai yi wanda ya kai a yi masa lacca? Bari in faɗa muku, don abin ba shi da tsawo, kuma shi ya fi ba ni haushi. Yawancin abin da ke kashe mana yara ba ciwon da ya gagari likitoci ba ne. Zazzaɓi ne, da gudawa, da ciwon haƙarƙari, da tamowa. In ya tarar da yaro da zafin jiki, akwai ɗan abin gwaji kamar tsinke, a ɗiga jini, cikin minti 15 zuwa 20 an san ko na sauro ne. In shi ne, ƙwayoyin kwana 3 ne, safe da yamma. Da an yi wa ɗan ƙanwata haka ran farko, da akuya na nan. In gudawa ce, ga garin gishiri da sukari na leda a dama a ruwa mai tsabta, ga ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. In tari ne, sai ya buɗe ƙirjin yaro ya ƙirga numfashinsa minti ɗaya. Jariri daga wata 2 zuwa wata 11 in ya kai 50, ko yaro daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, to, haƙarƙari ne, a fara magani yau, kada a ce sanyi ne a shafa man zafi. Kayan aikin nan agogo ne kawai da ido.

Tamowa kuwa, akwai wani ɗan maɗauri mai launi uku da a ke zagaya wa damtsen yaro. Kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, yaro na bakin rami ko da yana wasa. In an gane da wuri, abincin tamowa na leda ya isa, uwa na gida tana aikinta. In an makara sai gado. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da labari cewa a watanni shida na farkon 2025 yara 652 suka rasu a wuraren da ta ke jinyar tamowa a Jihar Katsina. Waɗannan su ne aka kai. Ku tuna fa, kowane ɗaya daga cikinsu ya yi makonni yana ramewa a tsakar gidan wani, maɗaurin da zai tona kuwa bai kai kuɗin goro ba.

Kun kuma ga masu zuwa da damina suna ba yara maganin riga-kafin zazzaɓi, daga ɗan wata 3 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba, wata wata. Su ba da na ran farko da hannunsu, su bar wa uwa na kwana biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan a 2012, Jihar Katsina kuwa a nan aka fara shi a Nijeriya, a 2013. Gwaji ya nuna yana rage zazzaɓin yara da kamar kashi uku cikin huɗu. Aiki ne mai kyau, ba na kushe shi. Amma in kaka ta yi su ma sun tafi, sai wata damina. Wa zai koma ya ga ko uwar ta ba da na kwana biyun, ko ta ajiye a saman kwalla?

Maganar mata masu ciki ita ce mafi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya wajen ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Jijjiga ba ta faɗowa daga sama. Kafin ta zo jini kan hau, ƙafa da fuska su kumbura, kai ya yi ta sara. Mace mai abin awon jini a jaka, wadda ta san kowace mai ciki a unguwa, ita za ta ce, Hajiya, gobe sai asibiti. Akwai ƙwayar da ke tsai da zubar jini bayan haihuwa, akwai maganin shafa wa cibiya maimakon toka ko man goge baki. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta yarda a koya wa ma'aikatan nan waɗansu ayyukan ungozomar asibiti, saboda ungozomomin ba su isa ba. An ƙara musu kaya ke nan. Ba a ƙara musu hannu ba.

ALKAWARI DA KUƊI

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, cikin Kazakistan ta yanzu, suka ce lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Nijeriya na ciki. Wanda ya ɗauki maganar da gaske shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. Likitan yara ne, ya ce a bar gina manyan asibitoci a birni tukuna a koma ƙauye. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a 1986, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka, aka koya wa ungozomomin gargajiya da masu sa kai. Ko da ya ke a ƙarƙashin soja ya yi aiki, ni ɗan adawa na yaba masa. Bayan ya sauka abin ya yi ta zubewa. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. A garinmu aka yi alkawarin, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa cika shi ba. A 2018 aka sake ƙaddamar da wani shiri na masu zaga gidaje mai suna CHIPS. Suna dai ba mu rasa ba.

Ku dubi maƙwabta. Nijar ta fi mu talauci, kowa ya sani. Tun shekarun 1960 a yankin Maraɗi ƙauye kan zaɓi mutum a koya masa taimakon farko, a koya wa ungozoma tsabta. Daga 2001, zamanin Tanja Mamadu, aka gina ƙananan ɗakunan magani wajen 2,000 a karkara, aka sa musu ma'aikata, a 2006 kuma aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Mutuwar yaran nan ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Habasha kuma daga 2003 ta ɗauki mata fiye da 30,000, biyu biyu a kowace gunduma ta ƙauye, 'yan garin, aka koyar da su shekara guda, aka sa su cikin albashin gwamnati. Ku riƙe kalmar nan, albashi. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta fito ta ce a riƙa biyan ma'aikatan nan daidai aikinsu. Sa kai na kwana uku ne. Ba a ce wa mai iyali ya yi sa kai shekara biyar.

Za a ce mana ba kuɗi. To, ku saurara, nan ne aikin akawu. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Ta ce a ware abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba, a zuba a wani asusu na lafiya matakin farko. Sai 2018 aka fara sa shi cikin kasafi. Dokar ta raba shi: kashi 50 na biyan jinyar talakawa ta hanyar inshora, 20 na magunguna da alluran riga-kafi, 15 na gyaran gini da kayan aiki da sufuri, 10 na ma'aikata, 5 na gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai aiki sosai. Jihar Katsina na da mazaɓu 361, tamu ta Tafashiya da Nasarawa ɗaya ce daga ciki. Asibitin da aka zaɓa a mazaɓa yana da asusunsa na banki, kuma bisa ƙa'ida kwamitin ci gaban mazaɓa na da hannu a yadda a ke kashe kuɗin. Watau akwai kujerar da doka ta ajiye wa talaka. Nawa ne a cikinku suka san sunan shugaban kwamitin nan? Yaushe ya taɓa tsayawa bayan sallar Juma'a ya karanta muku abin da ya shigo da abin da ya fita?

Ba na ce ba a yi kome ba. An gyara gine-gine a wurare da dama, idonmu ya gani. Amma mahukunta sun fi son gini, don gini a ke yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto, kuma gini ke da ɗan kwangila. Albashin yarinyar da za ta zaga gida arba'in ba shi da bikin buɗewa.

Yanzu bari in juyo kanmu, kada a ce akawu ya zo ya zagi gwamnati ya tafi. Mu ma muna da namu. In malamin asibiti ya ba mu shawara bai yi mana allura ba, sai mu ce bai iya aiki ba, mu tafi inda za a ɗaura mana ruwa a karɓi kuɗi. Mu muka koya masa zaman ɗaki. Akwai magidanta a nan, kada kowa ya dubi wani, waɗanda ba su yarda namiji ya duba iyalinsu ba. To, na ji, hakkinka ne. Amma kai ne kuma ka cire 'yarka daga makaranta tana aji uku. Macen da za ta duba matarka daga ina za ta fito? Daga sama? Makarantar na nan Kankiya, ba ƙetare ba. In an turo mana baƙuwa kuma, wa ya ba ta ɗaki? Sai ta riƙa zuwa daga gari da hantsi ta koma da Azahar, haihuwa kuwa da dare ta fi zuwa.

A makarantar mishan da na yi, akwai wata tsohuwar nas da kan jera mu kowace Litinin ta duba farce da ido da kai. Muna jin haushinta ƙwarai. Tana da wani baƙin littafi mai sunan kowa, in ka rame ita za ta fara sani kafin uwarka. Sai da na girma na gane littafin nan shi ne rabin maganinta. Irinsa na ke so a yi wa kowace unguwa a nan: gida nawa, mai ciki nawa, jariri nawa, wa ya sami allurar ƙyanda, wa bai samu ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Saboda haka ga abin da na zo roƙo, ranka ya daɗe, in ka yarda. Masu unguwanni su ba ni sunan duk ɗa ko 'yar ƙasar nan da ya gama makarantar aikin lafiya yana zaune ba aiki, ko yana sa kai. Na tabbata in mun ƙirga za mu ji kunya. Zan haɗa sunayen da takarda zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Kankiya, da Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Jiha, da ɗan majalisarmu, mu ce a ɗauke su aiki da albashi, a ajiye kowa a ƙauyensu, a kuma rubuta ranakun zaga gida a manna a ƙofar asibiti inda kowa zai gani, don in malam ya fita a san inda ya ke, a kuma san wanda ya bari. Mutanen Kusada da ke nan, ku ma ku yi taku, in kuna so zan rubuta muku, ba na karɓar ko kwabo. Mu kuma namu, gari ya ba ma'aikaciya ɗaki mai ƙofa, samari masu babura su yi jerin wanda za a tasa da dare in naƙuda ta zo, kwamitin mazaɓa kuma ya fito ya karanta mana lissafi duk wata uku.

Wani zai ce takardar 'yan adawa ce, ba za a karanta ba. Don haka ban sa tambarin jam'iyya a kanta ba, kuma ba zan sa ba. Wanda ke tare da gwamnati ya sa hannu a sama, ni in sa a ƙasa, ban damu ba. In an yi wata guda ba amsa zan sake rubutawa, in buga kwafin a jarida, in kuma dawo nan in karanta muku ko me aka ce.

Takardar na nan kan tabarma gaban Malam Liman. Wanda ya iya boko ya rubuta sunansa, mai ajami ya rubuta da ajami, wanda bai iya ba ga tawada ya dangwala. Iyayena mata, za a shigo muku da ita cikin gida bayan Magariba. Mai tambaya kuma ya tashi, ina nan har a kira salla.